Kalmar « fadama » a Ingilishi: sharhi a kan asalinta da ma'anoninta bisa ma'aunin ƙasar Dakoro

1. Gabatarwa

A fagen nazarin aron kalmomi an saba duban hanya guda, wato abin da Hausa ta aro daga Larabci, ko Ingilishi, ko Faransanci. Ba kasafai manazarta ke waiwayar kalmomin da harsunan Turai suka ɗauka daga Hausa ba. Kalmar « fadama » tana cikin ƴan kaɗan ɗin nan. Duk mai karanta littattafan labarin ƙasa ko rahotannin aikin gona da aka rubuta da Ingilishi a kan Afirka ta yamma zai tarar da ita zaune daram, sau da yawa ba tare da fassara ba, tana nufin ƙasar da ke gefen ruwa.

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun kalmar daga Hausa zuwa Ingilishi, mu tantance ma'anonin da ta samu a can, sa'an nan mu auna su da yanayin ƙasar Dakoro, a arewacin jahar Maraɗi. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa Ingilishi ya ari sunan wata irin ƙasa, ya mayar da shi sunan wani irin aiki, wato noman rani, kuma wannan ƙuntatacciyar ma'ana ta soma komowa cikin Hausa. A wurin da manomi da makiyayi ke dogara ga kwari guda, wannan sauyi yana taɓa haƙƙin mutane. Lamarin ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Takardun filaye za su riƙa yawo tsakanin harsunan nan uku, saboda haka dole a san abin da kowace kalma ke ɗauke da shi.

2. Asalin kalmar

2.1. Siffarta a Hausa

Fadama suna ne na tamata, jam'insa fadamu ko fadamomi. A karin harshen yamma, wanda ya haɗa da na ƙasar Dakoro, ana furta ta « hwadama », kamar yadda ake cewa « hwari » a madadin « fari ». Mai sha'awar tsaga kalmomi zai iya jin marmarin danganta ta da fada ta sarki, ko da faɗawa, ko da damina. Sauti bai yarda da ko ɗaya ba. Wasalin farko na fada ta sarki dogo ne, na fadama gajere. Faɗawa tana da baƙin ɗ mai lanƙwasa, fadama kuwa d ce tsura. Gaɓar « da » ta damina doguwa ce, ta fadama gajeriya. Kamannin da ido ke gani ya samo asali ne daga rubutun boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali.

2.2. Shigarta Ingilishi

Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Ingilishi da kalmar ta bayyana a ciki shi ne labarin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda aka buga a juzu'i biyar a 1857 da 1858. Barth ya gangaro daga Abzin ta Damargu, ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 kafin ya isa Katsina da Kano. Ya riƙa rubuta kalmar da d biyu, yana bayyana ta ga mai karatu a matsayin kalmar ƴan ƙasa. A wannan mataki baƙuwa ce tukuna.

Zamanta na dindindin ya zo ne bayan Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Jami'an ƙiyasin haraji da malaman gona suna buƙatar bambanta gonar tudu da gonar kwari, harshensu kuma ba shi da kalma guda da ta dace da ƙasar da ke jiƙewa rabin shekara ta bushe rabi. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, kusa da Zariya, wadda ta soma aiki a shekarun 1920, ta shigar da kalmar cikin harshen ma'aikata. Daga nan ta wuce zuwa jami'o'i: binciken David Norman a ƙauyukan Zariya, littafin Polly Hill na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina, da kundin digirin Beryl Turner na 1977 a Jami'ar Landan, wanda ya keɓanta ga fadamun tsakiyar arewacin Najeriya. Shaidar da ta fi nuna cewa kalmar ta zama ƴar gida ita ce jam'inta. Marubutan Ingilishi ba sa cewa fadamu, suna liƙa mata s irin ta harshensu.

Akwai kuma wata hanya da ba ta bi ta hannun Turawa ba. A Akara, babban birnin Gana, unguwar da ke gefen tabkin Korle ana kiran ta Tsohuwar Fadama, akwai kuma Sabuwar Fadama. Hausar zango ce ta kai sunan har bakin teku, Ingilishin Gana ya gaje shi a matsayin sunan wuri.

3. Ma'anoni uku a Ingilishi

3.1. Ma'anar ƙamus

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun karkata ga fassara kalmar da abin da Ingilishi ke kira « marsh », wato ƙasa mai taɓo da ruwa kwance. Fassarar tana da gaskiya a watan Agusta. Sukar da muke yi mata ita ce ta manta da lokaci. Irin ƙasar da Baturen Ingila ya sani da wannan suna jiƙaƙƙiya ce shekara ta zagayo, kuma a tunanin magabatansa wuri ne da sai an tsotse ruwansa kafin ya yi amfani. Fadama kuwa darajarta tana cikin sauyawarta: ruwa ya kwanta da damina, ya janye da kaka, ya bar danshi da ciyawa a lokacin da tudu ya zama fako. Mai karatun da ya tsaya ga ƙamus zai ɗauka wurin banza ne marar mai shi.

3.2. Ma'anar masana labarin ƙasa

Masana labarin ƙasa sun fi kusantar gaskiya. A wurinsu fadama ƙasa ce mai kwari, a gindin rafi ko a gefen gulbi, mai laka, wadda ruwa ke kwantawa a kanta wani yanki na shekara, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa. Sun jera ta da takwarorinta na wasu sassan Afirka: « dambo » a Zambiya da Malawi, « vlei » a Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, « mbuga » a Tanzaniya. Wannan jeri ya taimaka wajen kwatanta ƙasashe. Rauninsa shi ne an gina ma'anar bisa misalan Zariya da Kano, inda ruwan sama ya ninka na arewacin Maraɗi fiye da sau biyu. Aka ɗauki siffar fadamar kudu aka mayar da ita ma'aunin kowace fadama.

3.3. Ma'anar furoje

Ma'ana ta uku ita ce ta fi yaɗuwa. Daga 1993 zuwa 1999 gwamnatin Najeriya da Bankin Duniya suka gudanar da wani babban shiri da aka raɗa wa sunan Fadama, wanda ginshiƙinsa shi ne ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa masu aiki da fetur. Zango na biyu ya soma a 2004, na uku kuma, daga 2009, ya game jihohi 36 da Abuja, har da wuraren da ba a jin Hausa. A cikin takardun shirin, fadama ita ce ƙasar da za a iya yi wa ban ruwa. Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta zama sunan ofis, sunan mota, sunan bashi da tallafi.

Masu shirin da kansu sun gane giɓin. Zangon farko ya dubi manomi kawai, rigingimu da makiyaya suka ƙaru a wuraren da aka killace, shi ya sa zango na biyu ya shigar da makiyaya da masunta da mafarauta cikin ƙungiyoyin masu amfani da fadama. An gyara tsarin, amma ma'anar da ta riga ta shiga kunnuwan jama'a ta gidajen rediyo ba ta gyaru ba. Rediyo kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka: abin da aka faɗa a Kaduna ko Katsina ana jin sa a Maraɗi.

4. Abin da Bahaushe ke nufi

Hujjarmu ta farko daga cikin harshen take. Hausa ta daɗe da kalmomin aikin ban ruwa: lambu, garka, noman rafi, noman rani, jigo. Tun kafin zuwan Turawa masarautar Kano tana karɓar kuɗin rafi a kan shukar da ake yi wa ban ruwa. Ke nan harshen ya raba sunan aiki da sunan ƙasa. Ana yin garka a cikin fadama, kamar yadda ake kiwo a cikinta, ana gina rijiya, ana ɗibar laka ta tukwane da tubali, ana yankan kaba. Dubi waɗannan jimloli na yau da kullum:

(1) Shanu sun gangara fadama.
(2) Ya yi garka a fadama.
(3) Bana fadama ba ta sha ruwa ba.
(4) Dawar fadama ta fi ta tudu.

Idan muka sa ma'anar furoje a jimla ta (1), shanun sun zama masu ɓarna tun kafin a yi bincike. Idan muka sa ma'anar ƙamus a jimla ta (3), maganar ta rushe, domin taɓon da bai sha ruwa ba ba taɓo ba ne, alhali fadamar da ba ta sha ruwa ba tana nan fadama.

Hujja ta biyu ita ce tsarin da manoman jahar Maraɗi ke bi wajen rarraba ƙasa, wanda binciken Claude Raynaut da abokan aikinsa na Jami'ar Bordo ya fito da shi a shekarun 1970 da 1980. Manomi yana bambanta jigawa, mai rairayi da sauƙin noma, da geza, mai tauri, da fadama, mai laka da riƙon ruwa. A cikin wannan tsari kalmar tana samun ma'anarta daga kishiyoyinta. Fadama ita ce inda ya fi kwari, ya fi laka, ya fi riƙe danshi idan aka kwatanta da abin da ke kewaye da shi. Ma'ana ce ta gwaji, ba ta da adadin ruwa tsayayye.

5. Ma'aunin ƙasar Dakoro

Jahar Maraɗi tana da manyan kwaruruka uku, kuma jera su daga kudu zuwa arewa yana nuna inda ma'anonin Ingilishi ke ƙarewa.

Gulbin Maraɗi yana gudu da damina. Yana shigowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya. Fadamarsa ta cika dukan sharuɗɗan masana: ambaliyar 1945 ce ma ta tilasta tayar da tsohon garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi ya taɓa kudancin gundumar Dakoro, ya daina gudu tun zamani mai nisa. Abin da ya rage shi ne faffaɗan kwari mai goriba, wadda kabarta ta ba shi suna. Duk da haka sunan gulbi bai bar shi ba, ga garin Ɗan Gulbi nan shaida. Kwarin Tarka, a arewa, shi ma mataccen gulbi ne, wanda ya taso daga wajen Tanut ya ratsa ƙasar Dakoro ya gangara Madawa.

Tarka ita ce ta fi koya mana darasi, domin kwari guda ne mai fuska biyu. A ƙasar Madawa ruwa yana kusa, an haƙa ƙananan rijiyoyi masu yawa, albasa ta zama dukiyar jama'a. A can ma'anar furoje ta dace. A ƙasar Dakoro kuwa, inda matsakaicin ruwan sama ke tsakanin milimita 300 da 400 a shekara, rijiyoyi da yawa sai an yi gaba gommai kafin a tarar da ruwa, kuma dabba ce ke jan guga. Abin da kwarin ke bayarwa shi ne tabkunan damina masu ƙafewa bayan kaka, ƙasa mai laka a gindinsu, itatuwa irin su bagaruwa da aduwa, da ciyawar da ke daɗewa bayan ta tudu ta ƙare. Ba taɓo, ba gulbi mai gudu, ba ruwa a kusa. Bisa ma'anonin Ingilishi uku ɗin nan, yawancin wuraren ba su cancanci sunan ba. Bisa tsarin jigawa da geza da fadama, sun cancanta sarai, domin su ne kwarin ƙasarsu. Masu cin moriyarsu na farko kuwa garkunan Fulani ne da na Abzinawa, da dabbobin Hausawan ƙauyukan da ke gefe.

6. Ɓangaren Faransanci

Faransancin Nijar ya bi wata hanya dabam. Ya ari gulbi daga Hausa ya rubuta « goulbi », ya ari « dallol » daga Fulatanci, amma ga fadama ya fi son fassara: « bas-fond », ko « cuvette », ko « vallée », a wasu takardun kuma « zone humide », musamman tun da Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar a 1987. Kowace fassara ta kama gefe guda. Ta farko ta kama kwari, ta biyu ta kama siffar kwano, ta ƙarshe ta fi kusa da abin da Hausa ke kira dausayi. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta ɓata kalmar Hausa ba, tun da ba ta taɓa ta ba. Haɗarinta yana fitowa ne a lokacin da aka juya takarda zuwa Hausa. Mai fassarar da ya tarar da « aménagement des bas-fonds » zai rubuta gyaran fadamu, mai sauraro kuma, wanda kunnensa ya saba da ma'anar furoje, zai ji cewa an ba masu garka wurin.

7. Abin da ke bayan gardamar

Doka mai lamba 61-05 ta watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a ƙasar Dakoro kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin alamar wannan iyaka. Arewa da ita ƙasar kiwo ce. Ƙaruwar jama'a da farin 1973 da na 1984 sun tura gonaki cikin kwarin har suka haye shi. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a duk faɗin ƙasa. Dokar 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa ginshiƙan kundin tsarin karkara, ta ɗora haƙƙin ƙasa a kan raya ta, ta kuma kafa hukumomin filaye. Dokar 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da iyakar 1961, ta kuma amince da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

A nan ne ma'anar kalma ke shiga shari'a. Gonar damina ana sakin ta bayan girbi, dabbobi su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Garka ba a sakin ta, domin lokacin aikinta shi ne lokacin da dabbobi ke gangarowa neman ruwa. Shinge guda a bakin tabki yana iya toshe mashayar garke ɗari. Idan maigari, ko mamban hukumar filaye, ko mai fassara a gaban alƙali ya riga ya yarda a ransa cewa fadama wurin noman rani ce, to raya fadama a wurinsa shi ne shinge da shuka, kiwo kuwa ba zai lissafa shi cikin raya ƙasa ba, ko da doka ta lissafa shi. Jahar Maraɗi ta san inda irin wannan saɓani ke kaiwa: a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991. Ba kalma ce ta jawo wannan masifa ba, amma wanda ya san ta ba zai yi wasa da kalmomin da ake raba ƙasa da su ba.

Ana iya yi mana ƙorafi biyu. Na farko, cewa sauyin ma'ana ɗabi'ar harshe ce, mai nazari ba shi da ikon hana shi. Mun yarda. Ba mu da ta cewa a kan yadda Bature zai yi amfani da kalmar a harshensa. Magana a kan ƙamus da fassarar doka muke yi, waɗannan kuwa aikin hannun mutane ne, ana zaɓen abin da za a sa a ciki. Na biyu, cewa mai garka shi ma talaka ne, noman rani kuma ya ceci gidaje da yawa daga yunwa. Wannan ma gaskiya ne, ba mu kuma ce a hana shi ba. Abin da muke ƙi shi ne a ba shi gaskiya tun daga cikin ma'anar kalma, kafin a saurari abokin zamansa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa « fadama » ta Ingilishi asalinta Hausa ne, ta shiga ta alƙalamin matafiya, ta zauna ta hannun jami'an mulkin mallaka da masana, ta yaɗu ta hanyar furoje. A kowane mataki an rage mata wani abu: ƙamus ya rage lokaci, masana sun rage fadamun arewa, furoje ya rage makiyayi. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Abin mamaki a nan shi ne mai zanen ne ke shirin karɓar abinsa bayan an rage masa faɗi.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku ga masu ci gaba da aikin ƙamusun Hausa da Faransanci, wanda Abdu Mijingini ya share wa hanya da ƙaramin ƙamusunsa na 1987, da kuma masu fassara dokokin karkara. Na ɗaya, a bayyana fadama kamar haka: ƙasa mai kwari da laka, wadda ke tara ruwa da damina ta riƙe danshi bayan tudu ya bushe, ana kiwo da shayarwa da noma a cikinta; kishiyarta tudu ko jigawa. A Faransanci a sa « terre basse à humidité saisonnière », a biyo da misalai na kiwo da na noma duka. Na biyu, duk inda takardar Faransanci ko ta Ingilishi ke nufin filin ban ruwa, a fassara da garka, ko lambu, ko filin noman rani, a bar fadama ga ƙasar kanta. Na uku, a tattara yadda ake amfani da kalmar a bakin mazauna Kornaka da Birnin Lalle da ƙauyuka da ruggagen Tarka, tare da takwarorinta na Fulatanci da Tamajak, domin hukumomin filaye na ƙasar Dakoro da harsunan nan uku suke sauraron ƙara, ko da da Faransanci suke rubuta hukunci.